Ethiopian Airlines: me ya sa yake cin riba alhali na gwamnati ne, kuma zai ɗore?

"Malam barka da aiki. Ni ɗalibi ne mai karatun harkar kasuwanci, an ba mu aikin mu zaɓi babban kamfanin jirgin sama ɗaya mu yi nazarin dabarunsa, sai na ɗauki Ethiopian Airlines. Abin da ya ɗaure min kai shi ne kullum ana koya mana kamfanin gwamnati ba ya riba, ga shi wannan na gwamnati ne ɗari bisa ɗari, ƙasar ma ba mai arziki ba ce, amma ya fi kowa girma a Afirka. Mene ne sirrinsa? Kuma a ganinka zai ci gaba a haka ko wata rana zai bi sahun sauran?"

Yauwa ɗan'uwa, sannu da ƙoƙari. Tambayarka biyu ce a haɗe, daga ina ƙarfin kamfanin yake fitowa, sannan me zai iya karya shi. Ni aikina lissafin hanyoyin jirage ne, wato a zauna a duba wace hanya ce ke kawo kuɗi wace ce ke cinye su, to ta wannan fuskar zan amsa maka. Kuma ni ba ma'aikacinsu ba ne, daga waje nake kallonsu da alƙaluman da suke fitarwa, don haka ka ɗauki hukuncina a matsayin na mai kallo da ya san sana'ar.

Kafin komai ka san wace irin kasuwa ce wannan. Harkar jirgin sama kuɗi ne masu yawa ke shiga, amma abin da ke saura kaɗan ne ƙwarai. Ƙungiyar IATA da ke haɗa kamfanonin jirage na duniya, lissafinta na 'yan shekarun nan yana nuna ribar da ake samu a kan kowane fasinja ba ta kai dala 10 ba, a Afirka kuwa ta ma yi ƙasa da haka sosai. Mai kaɗai yana cin wajen kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na kuɗin da ake kashewa, ga kuɗin haya ko bashin jirage, ga kayan gyara, duk da dala ake biya. Kujerar da ta tashi babu kowa a kanta kuma shi ke nan an yi asararta, ba a ajiye ta a sayar gobe. Saboda haka duk kamfanin da ka ga ya daɗe yana riba a nan, akwai wani abu a tsarinsa da ya kamata a tona.

Tarihin da ya shafi lissafin

An kafa kamfanin a ƙarshen 1945 zamanin Sarki Haile Selassie, ya fara tashi a watan Afrilun 1946 daga Addis Ababa zuwa Alƙahira ta Asmara. Abin lura shi ne ba ma'aikatan gwamnati aka ba shi ba, kamfanin TWA na Amurka aka ɗauko ya tafiyar da shi ya kuma horar da 'yan ƙasa, sai a 1971 ɗan Habasha na farko ya zama babban manaja, alaƙar da TWA ta ƙare a tsakiyar shekarun 1970. Wato kusan shekara 30 ana gina al'adar aiki irin ta kamfani mai neman riba kafin a miƙa. Ko a zamanin mulkin soja na Derg, gwamnatin da ke tare da Tarayyar Sobiyet, kamfanin ya ci gaba da sayen Boeing, ya karɓi 767 a 1984, lokacin Kyaftin Mohammed Ahmed ne shugaba, kuma an san shi da cewa ya karɓi aikin ne da sharaɗin a sakar masa mara.

Nan ne amsar rabin tambayarka take. Abin da ake koya muku cewa kamfanin gwamnati ba ya riba, gaskiya ne a mafi yawan wurare amma dalilin ba sunan mai shi ba ne. Singapore Airlines, Emirates, Qatar Airways, duk hannun gwamnati ne a cikinsu. Abin tambaya shi ne wa ke yanke hukuncin wace hanya za a buɗe, wane jirgi za a saya, wa za a ɗauka aiki, kuma minista in ya hau yana biyan tikiti ko ba ya biya. Ka duba shugabannin Ethiopian na baya-bayan nan, Girma Wake daga 2004 zuwa 2011, Tewolde GebreMariam daga 2011 zuwa 2022, sai Mesfin Tasew, dukkansu a cikin kamfanin suka taso suka shafe shekaru da dama kafin su hau kujerar. Mutum uku a shekara 20. South African Airways kuwa a irin wannan lokacin ya yi ta canza shugabanni kamar riga, yana karɓar tallafin gwamnati, har aka sa shi a shirin ceto daga durƙushewa a Disambar 2019. Jirgi in ka yi odarsa yau sai bayan shekaru ka karɓa, kuma zai yi maka aiki shekara 20, to wanda bai san ko zai kai baɗi a ofis ba ta yaya zai yi wannan lissafin?

Addis Ababa a matsayin matattara

Wannan shi ne zuciyar kasuwancin, kuma a nan nake so ka fi daɗewa a rubutunka. Mutanen Habasha sun haura miliyan 120 amma masu kuɗin hawa jirgi zuwa waje ba su da yawa. Da a kansu kaɗai kamfanin ya dogara da bai wuce ƙaramin kamfani ba. Mafi yawan fasinjojinsa na ƙasashen waje ba Addis za su ba, wucewa kawai suke, su sauka a filin Bole, wato filin jirgin saman Addis, su canza jirgi.

Kamar tashar mota ce, ƙananan motoci na kwaso mutane daga garuruwa su cika babbar bas mai tafiya nesa. Bari in ba ka misali na lissafi irin wanda muke yi a ofis, lambobin na misali ne kawai. Ka ce jirgi mai kujera 150 ya taso daga wani gari a Afirka ta Yamma. Masu zuwa Addis kanta wataƙila 25 ne, da su kaɗai ne da hanyar ta mutu tun watan farko. Amma akwai 40 masu zuwa Guangzhou sarin kaya, 20 Dubai, 15 Mumbai ko Delhi neman magani, 15 Jidda, 10 Nairobi, sai ka ga jirgi ya kusa cika. Haka shi ma babban jirgin Guangzhou, ba gari ɗaya ne ya cika shi ba, garuruwa 30 ne kowanne ya kawo 10. In kana da gari 60 a Afirka da 60 a waje, hanyoyi 120 kake tashi amma tafiye-tafiye 3,600 kake sayarwa. Shi ya sa duk sabon garin da aka ƙara yana ƙara wa tsofaffin daraja, kuma shi ya sa sabon shiga yake shan wuya, domin shi da gari 10 zai fara.

Kuskuren da na ga ɗalibai da ma wasu manajoji suna yi shi ne su ɗauki hanya ɗaya su ce wannan tana asara a rufe ta. Na sha zama a taron da aka kawo takarda an ja jan layi a kan wata gajeriyar hanya, sai da aka bi fasinjojinta aka ga rabinsu su ne ke cika wani dogon jirgi mai riba, in ka rufe ta ka kashe biyu. A kamfanin matattara ba a auna hanya ita kaɗai, ana auna abin da take zubawa a cikin tsarin gaba ɗaya.

Wurin da Addis take ya taimaka. Tana kan hanyar mai tasowa daga yamma, tsakiya ko kudancin Afirka zuwa Gabas ta Tsakiya, Indiya da Chaina, babu wani dogon zagaye. Kamfanin ya fara zuwa Chaina tun 1973, tun ba wanda ke maganar cinikin Chaina da Afirka, da kasuwar ta buɗe sai ta same shi a zaune. Ga hedikwatar Tarayyar Afirka da hukumar tattalin arzikin Afirka ta Majalisar Ɗinkin Duniya duk a garin, waɗannan su ne masu cika kujerun gaba masu tsada. Jadawalin ma an gina shi a kan haka, jiragen Turai da Asiya su iso da asuba, da safe a watsu cikin Afirka, da yamma su dawo, cikin dare a tashi nesa.

Amma wurin yana da nasa haraji. Bole yana sama da mita 2,300 daga matakin teku, iska ba ta da kauri, injin ba ya ba da cikakken ƙarfi, jirgi ba ya iya tashi da cikakken nauyi musamman da rana. Shi ya sa jiragensu masu zuwa Amurka ta Arewa suke yada zango a hanya, sun daɗe suna tsayawa Dublin, daga baya Rum, wasu kuma ta Lome ko Abidjan, alhali a dawowa wasunsu kai tsaye suke zuwa. Abin burgewa shi ne yadda suka mai da wannan cikas ɗin kasuwa, tunda dole a tsaya, sai aka tsaya inda za a kwashi fasinja. Ƙasar kuma ba ta da teku tun da Iritiriya ta ɓalle a 1993, man jirgi ta Jibuti yake shigowa, ba araha.

Abin da suke yi da hannunsu

Na biyu a ƙarfinsu shi ne ba sa sayen abin da za su iya yi da kansu. Suna da makarantar horar da matuƙa, injiniyoyi da ma'aikatan cikin jirgi tun shekarun 1950, wadda aka mai da jami'a a 2023. Suna da wurin gyaran jirage da injina, suna da kicin ɗin abincin jirgi, suna da otal ɗin Skylight da aka buɗe a 2019 inda ake kwantar da masu jiran jirgi. Ma'anar wannan a lissafi ita ce albashi da kuɗin aiki da yawa da birr, kuɗin Habasha, ake biya, kuɗin shiga kuwa dala ne da yuro. Kamfanin da ke tura jirginsa Turai duk lokacin babban sabis, yana ɗauko matuƙa daga waje, ba zai taɓa kamo su a farashin kujera ba. Sannan suna gyara wa wasu kamfanoni jirage suna horar musu da mutane, abin da yake kashe kuɗi a wurin wasu su a wurinsu yana kawowa.

Dakon kaya kuma shi ya cece su a korona. Tun kafin annobar sun zuba kuɗi a babbar tashar kaya a Bole da aka buɗe a 2017, suna da jiragen kaya zalla samfurin 777, suna kai furannin Habasha Turai ta Liege a Beljiyam. Da fasinja ya ɗauke a 2020 sai suka cire kujerun jiragen fasinja kusan 25 suka koma jigilar takunkumi, magunguna da rigakafi, a lokacin da kuɗin dakon kaya ya yi tashin gwauron zabi. Sun fita daga annobar ba tare da gwamnati ta ceto su ba. Mutane na cewa saurin tunani ne, e haka ne, amma saurin tunani ba ya amfani in ba ka da tasha da kwastomomi da lasisi a ƙasa tun da.

Girman da suka kai: a shekarar kuɗi ta 2023/24 sun sanar da kuɗin shiga kusan dala biliyan 7 da fasinja miliyan 17 da ɗoriya. Sun shiga ƙawancen Star Alliance a 2011, su ne na farko a Afirka da suka karɓi Boeing 787 a 2012 da Airbus A350 a 2016. Sabon jirgi yana da tsada amma yana shan mai kaɗan, kuma ga wanda mansa ke zuwa ta Jibuti wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Inda ba su yi nasara sosai ba

Akwai dabarar da ake yawan yaba musu wadda ni ina da ja a kanta, wato sayen hannun jari a kamfanonin wasu ƙasashen Afirka. Dalilin a bayyane yake, sararin samaniyar Afirka a rufe yake, an amince da matsayar Yamoussoukro ta buɗe wa juna sararin samaniya a 1999, an ƙaddamar da kasuwar jirage ta bai ɗaya a 2018, amma har yau ƙasashe na kare nasu. To in ba za a bar ka ka shiga da sunanka ba sai ka shiga da sunan ɗan gida. ASKY da ke Lome, wanda ya fara tashi a 2010, ya yi kyau sosai, ya zama musu matattara ta biyu a yamma. Malawi Airlines da Zambia Airways suna nan suna tafiya a ƙanana, an ƙara Air Congo a ƙarshen 2024. Amma Tchadia na Chadi ya mutu, na Mozambik ya rufe a 2021, maganar Nigeria Air da aka ba su kashi 49 a 2022 ta ƙare a kotu. Ka lura ASKY da ya yi nasara ba kamfanin gwamnati ɗaya ba ne, 'yan kasuwa da bankunan yankin ne suka kafa shi. Wannan yana nuna maka jirage da matuƙa ana iya aro, amma gwamnatin da za ta kame hannunta ba a aro ta.

Zai ɗore?

Burin da suka sanar na 2035 shi ne jirage 271, fasinja miliyan 65 da kuɗin shiga dala biliyan 25. Don haka suka yi odar jirage masu yawa a baje kolin Dubai na 2023, Boeing 737 MAX da 787 da kuma A350, sannan a 2024 suka ƙara 777-9. Bole kuwa ya kusa cika, abin da zai iya ɗauka bai wuce miliyan 25 ba a shekara, kuma gari ya zagaye shi. Shi ya sa ake maganar sabon fili kusa da Bishoftu, wajen kilomita 40 daga Addis, wanda matakin farko zai ɗauki miliyan 60, kuma wurin ya fi Bole ƙasa da 'yan ɗaruruwan mitoci, abin da zai rage matsalar nauyi. A ganina wannan aikin dole ne, kuma shi ne babban haɗarin da ke gabansu. Biliyoyin daloli ne, mafi yawa bashi, a ƙasar da ta kasa biyan kuɗin ruwan bashinta na dala biliyan 1 a Disambar 2023. Bashin jirgi yana da sauƙin samu tunda mai ba da bashi zai iya ƙwace jirgin ya ba wani haya, filin jirgi kuwa ba a ɗauke shi. In aikin ya yi jinkiri ko kuɗinsa ya ninka a daidai lokacin da sabbin jirage ke isowa, to riba ce za ta tafi biyan ruwa.

Sakin birr da aka yi a Yulin 2024, inda dala ta tashi daga birr 57 zuwa sama da 100 cikin 'yan makonni, bai yi musu illa irin ta sauran 'yan kasuwar ƙasar ba tunda dala suke samu, sai dai ma'aikatansu ne albashinsu ya zube, kuma matuƙi ko injiniyan da ya ƙware a 787 kamfanonin Larabawa na jiransa da albashi ninki. Wannan zubewar ƙwararru ni ina ɗaukarta da muhimmanci fiye da yadda rahotanni ke ɗauka. Akwai kuma kuɗin da ke maƙalewa a ƙasashen da ba su da dala, ka sayar da tikiti amma ka kasa fitar da kuɗinka, matsalar da duk mai aiki a Afirka ya sani, su kuma sun fi kowa yawan ƙasashen.

Abokan gasa na gaskiya ba 'yan Afirka ba ne. Kenya Airways ya shafe sama da shekara 10 yana asara kafin ya ga riba a 2024. Waɗanda ke ƙwace musu fasinja su ne Turkish Airlines da ya baza hanyoyi a Afirka, da Emirates, da Qatar Airways wanda ya ɗauki kashi 60 na sabon filin Bugesera a Ruwanda ya kuma sayi kashi 25 na Airlink na Afirka ta Kudu a 2024. Fasinja mai canjin jirgi ba shi da amana, in Doha ko Istanbul sun fi sauƙi da dala 50 ko sun fi daɗin jira, can zai bi. A wajen jin daɗin fili da kula da fasinja waɗannan sun yi gaba, Ethiopian yana cin su ne a yawan garuruwan Afirka da gajartar hanya da farashi.

Haɗarin jirgin 737 MAX na 10 ga Maris 2019 da ya kashe mutum 157 jim kaɗan bayan tashi zuwa Nairobi, babban tashin hankali ne, amma ta fuskar kasuwa bai karya su ba, an dakatar da samfurin a duniya baki ɗaya, su kuma sai a Fabrairun 2022 suka mai da shi aiki.

Wanda ya fi damuna shi ne siyasa. Yaƙin Tigray a arewacin Habasha daga 2020 zuwa 2022 ya jawo musu zargin jigilar makamai a rahoton CNN, sun musanta. Iritiriya da aka koma zuwa a 2018 bayan sulhu, hanyar ta sake rufewa a Satumbar 2024. A 2023 kuma aka naɗa shugaban rundunar sojan sama, Janar Yilma Merdasa, ya shugabanci kwamitin daraktoci a madadin Girma Wake. Ba na cewa wannan ya canza yadda ake tafiyar da kamfanin, amma ka tuna 'yancin da muka ce shi ne tushen komai al'ada ce da gwamnatoci uku mabambanta suka ga dama suka kiyaye, saboda kamfanin na cikin manyan masu kawo wa ƙasar dala. Gwamnatin da ta matsu da dala tana iya kiyaye shi saboda wannan dalilin, tana kuma iya tatsarsa saboda shi.

In ni ne kai, a rubutun ba zan tsaya a jera ƙarfi da rauni da dama da barazana a akwati huɗu ba, malamai sun gaji da ganin wannan. Zan ce a shekara 5 masu zuwa kamfanin zai ci gaba da zama na ɗaya a Afirka, domin babu wanda ke kusa da shi a yawan hanyoyi kuma ba a gina irin wannan da sauri. Bayan nan kuwa hasashe ne, nawa da na kowa, kuma abubuwan da za ka riƙa bibiya su ne yadda aka haɗa kuɗin filin Bishoftu da wanda ya tsaya wa bashin, ko shugaba na gaba daga cikin kamfanin zai fito, da kuma ko riba tana tashi tare da yawan fasinja ko fasinja ne kawai ke ƙaruwa. Ka nemi rahotonsu na shekara ka raba kuɗin shiga da yawan fasinja na shekaru uku ko huɗu a jere, ka cire na dakon kaya tukuna don kada ya ruɗe ka, za ka ga inda abin ya dosa. Allah ya ba da sa'a a aikin.